Kwana arba'in na Karem: ina abincin da ba a ci ba yake zuwa?

A Faransancin da muke yi a nan Nijar, in ka ji mutum ya ce ana cikin "karem", to watan Ramadan yake nufi. Ma'aikaci yana rubuta kalmar a takardar neman izinin tashi da wuri, ɗan kasuwa yana faɗin ta in zai ba da hanzarin tsadar sukari. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa aro muka yi daga maƙwabtanmu Kirista. Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta "na arba'in", kuma sunan azumin da suke yi ne kowace shekara kafin idin Paska, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya suke kira Ista. Mun ɗauki rigar mun yafa wa namu azumin, ba mu tsaya mun dubi yadda mai ita yake sa abarsa ba.

A shekarar 2026 azumin biyu sun tashi kafaɗa da kafaɗa. Larabar Toka, ranar farko ta azumin Kirista, ta faɗo 18 ga Fabrairu, daidai lokacin da Musulmin duniya suke ɗaukar Ramadan, wasu a ranar, wasu washegari. Dattawan ma'aikata za su tuna an taɓa yin irin wannan gamo a 1993, shekarar da muka yi zaɓen shugaban ƙasa na farko tsakanin ƴan takarar jam'iyyu da yawa. Ranar 27 ga Fabrairu da aka yi zagayen farko, Musulmi da Kirista da suka yi layi cikin rana, kowa yana cikin kwanakin azuminsa. Dalilin gamon lissafi ne kawai. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana goma ko sha ɗaya, saboda haka Ramadan yana kewaya rani da damina, ya dawo inda ya tashi bayan shekara 33 ko kusa da haka. Ita kuwa Paska an ɗaure ta a turke guda: Lahadin da ta biyo bayan cikar wata na farko daga 21 ga Maris, ba ta riga 22 ga Maris, ba ta wuce 25 ga Afrilu. Har manyan siyasa sun san da wannan gamo. Ranar 24 ga Fabrairun 2024, da shugabannin CEDEAO suka ɗage takunkumin da suka sa wa ƙasarmu bayan juyin mulkin Yulin 2023, cikin dalilan da suka bayar har da cewa Kirista suna azumi kuma Ramadan ya ƙarato.

Murhu mai duwatsu uku

Daga Larabar Toka zuwa jajibirin Paska kwana 46 ne. In aka cire Lahadi shida, waɗanda ba a azumi a cikinsu, saura 40, adadin kwanakin da Linjila ta ce Yesu Almasihu ya yi a jeji ba ci. A ranar farko limamin majami'a yana shafa wa kowane mai ibada toka a goshi, ta ganyen dabinon da aka yi bikin bara da shi aka ƙone, domin a tuna wa ɗan Adam cewa daga ƙasa ya fito kuma can zai koma. Attajiri da mai gadinsa layi ɗaya suke bi, toka ɗaya ake shafa musu.

A nan ne Musulmi yakan yi murmushi. Ya ga abokin aikinsa a biro da toka a goshi, ya ce yana azumi, ga shi kuma da tsakar rana ya ɗaga gorar ruwa ya sha. Wane irin azumi ke nan? Gaskiya ne, in da ƙishirwa za a auna, dokar ɗarikar Katolika ta yau mai sauƙi ce ƙwarai. Kwana biyu ne kawai azumi ya wajaba, Larabar Toka da Juma'ar da ta gabaci Paska, a kan wanda ya kai shekara 18 har ya shiga ta 60: ya ci abinci cikakke sau ɗaya, ya ɗan taɓa kaɗan sau biyu, ruwa kuwa ba a hana shi ba. Sai kuma barin nama a kowace Juma'a ta Karem ga wanda ya kai shekara 14. Da ba haka abin yake ba. Kafin 1966, lokacin da Paparoma Bulus na 6 ya sassauta dokar, duk ranakun Karem ban da Lahadi na azumi ne. Kiristan Habasha kuwa har yau kwana 55 suke yi ba nama, ba nono, ba man shanu, ba ƙwai, da yawansu ba sa sa komai a baki sai rana ta karkata.

To amma wanda ya tsaya a kan gorar ruwa ya duba dutse ɗaya ne kawai na murhu. Karatun da ake yi a majami'un Katolika kowace Larabar Toka, daga sura ta 6 ta Linjilar Matta, ya jera abubuwa uku: sadaka, addu'a, azumi. Sadaka ce ya fara ambata. Ya kuma gargaɗi mai yin su da kada ya yi don idon mutane, kada ya yi shela in zai bayar, kada ya ɓata fuska don a san yana jin yunwa. Kwana biyu bayan haka, ranar Juma'a, ana karanta sura ta 58 ta littafin Annabi Ishaya, inda aka tsawata wa masu azumin da suke matsa wa ma'aikatansu a ranar da suke azumi, aka nuna musu cewa azumin da Allah yake karɓa shi ne wanda ya kai ga ciyar da mayunwaci da tufatar da matsiraici da saukar da marar masauki. Tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. Agustin, bishop na garin Hippo wanda yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya kwatanta azumi da sadaka da fukafukai biyu da addu'a take tashi da su.

Lissafin da ɗan kasuwa zai gane

Abin da ya fi jan hankalina a wannan ibada shi ne yadda magabatan Kirista suka mai da ita lissafi tun farko. Akwai wani littafi da aka rubuta a birnin Rum a ƙarni na 2, ana kiransa Makiyayi na Hermas. Ya umurci mai azumi da ya tsaya ga gurasa da ruwa a ranar, sa'an nan ya zauna ya ƙidaya kuɗin abincin da ya kamata ya ci, ya kai wannan kuɗi ga gwauruwa ko maraya ko mabukaci. A cikin ƙarnin dai, wani masani na Atina mai suna Aristidis ya rubuta wa sarkin Rum takardar kare Kirista, ya shaida masa cewa in akwai matalauci a cikinsu kuma ba su da rarar da za su ba shi, sai su yi azumin kwana biyu ko uku su ba shi abincinsu. Ku lura da kyau: ba daga riba ake cire wannan sadaka ba, daga cikin akushin mutum ake cire ta. Shi ya sa talaka ma yana da hanyar shiga. Wanda ya bar cin nama ranar Juma'a, kuɗin naman kuma suka kwana a aljihunsa, a wannan lissafi tattali ya yi, bai yi azumi ba tukuna.

Mu kawo misalin gida. A ce magidanci ya rage dala arba'in, wato tamma 200, a kowace rana daga kuɗin shayi da taba ko tsiren yamma. A kwana 40 ya tara jika takwas. Ba za su gina rijiya ba, amma kowace uwar gida ta san tiya nawa ta hatsi suke saye, ta kuma san gidan da tiyoyin nan za su raba da kwana da yunwa.

Ina yaro a Maraɗi na ga wannan lissafi da idona, ban kuwa gane shi ba sai da na girma. Akwai wata ungozoma ƴar asalin Dahome da take haya kusa da gidanmu. Duk shekara in zafi ya fara, sai ta ajiye wani tsohon gwangwanin madara a kan kabad, ta huda murfinsa, muna jin ƙarar kuɗi suna faɗawa ciki in ta dawo daga aiki. Mu yara mun ɗauka asusun Kirsimeti take yi. Ashe a makon ƙarshe kafin Paska take fasa shi ta sayo hatsi. Ba ta taɓa kai shi da kanta ba. Sai bayan isha'i take kiran ɗaya daga cikinmu, ta ɗora masa ƙwarya a kai, ta ce ya ajiye a zauren wata tsohuwa da ɗanta ya tafi cin rani bai dawo ba, kada ya yi sallama, kada ya ce daga ina. Tsohuwar nan ta sha yi wa wani Alhaji na unguwa addu'a a kan hatsin, ungozoma tana ji, ba ta taɓa gyara mata ba.

Wannan hali ya taɓa damun sarki guda. Juliyan, sarkin Rum da ya bar Kiristanci ya so ya mai da daularsa ga bautar gumaka, ya rubuta wa wani babban limamin gumaka na ƙasar Galatiya a shekara ta 362 yana kukan cewa Kirista suna ciyar da talakawansu har da na waɗanda ba addininsu ɗaya ba, ya ba da umurni a buɗe masaukai a raba alkama don a yi gasa da su. Shekara guda bayan haka ya mutu a fagen yaƙi, gasar ta mutu tare da shi.

Wane ne maƙwabci a Nijar?

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna fiye da kashi 99 cikin 100 na ƴan Nijar Musulmi ne. Kirista ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Ma'anar wannan a fili take: in Kirista na Damagaram ko Tawa ko Dogon Dutsi ya buɗe ƙofarsa ya duba dama da hagu, Musulmi zai gani. A Faransa ko Italiya mai sadakar Karem yana iya ƙare rayuwarsa yana bai wa ƴan ɗarikarsa. A nan ba shi da wannan zaɓi, sai in ya yi niyyar tsallake gidaje hamsin ya nemo nasa.

Littafinsa kuwa bai ba shi izinin tsallakewa ba. A sura ta 10 ta Linjilar Luka, wani malamin shari'a ya tambayi Yesu wane ne maƙwabcinsa. Sai ya ba shi labarin matafiyin da ƴan fashi suka yi wa dukan kawo wuƙa a hanyar Urushalima zuwa Yariko. Manyan addini biyu na ƙabilarsa suka gan shi suka ratse. Wanda ya tsaya Basamariye ne, daga mutanen da Yahudawa suke ƙyamar ko shan ruwa a ƙoƙonsu. Shi ya wanke raunukan, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya bar wa mai masaukin dinari biyu, ya kuma ɗauki alkawarin biyan abin da ya ƙaru in ya dawo. Mai fatauci ya san nauyin wannan alkawari na ƙarshe: ya buɗe bashi ne ba tare da ya san iyakarsa ba, a kan mutumin da bai san sunansa ba.

Tarihin majami'u a ƙasarmu ya bi wannan sawu, ko da niyya ko da tilas. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka kafa a Tsibiri kusa da Maraɗi. Katolika sun buɗe mishan ɗinsu na Yamai a 1931. Asibitin Galmi, a kan babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa, ya fara aiki a 1950, cikin shekarun nan kuma aka buɗe wurin jinyar kutare a Danja, kudu da Maraɗi. Ka je layin karɓar magani a ɗayansu ka ƙidaya masu tasbaha a hannu. Haka makarantun mishan: ma'aikata nawa ne masu karanta wannan shafi suka koyi baƙaƙen Faransanci a hannun mata masu zaman zuhudu, suka fito da sallarsu ba ta taɓu ba? A 2001 aka raba ƙasar gida biyu a tsarin Katolika, Maraɗi ta sami nata bishop, Ambroise Ouédraogo, yankinsa ya haɗa da Tawa da Damagaram da Agadas da Difa. Ƙasa ce mai faɗin gaske, Katolika a cikinta ƴan tsiraru, masu cin moriyar ayyukan ƙungiyar agajinsu ta Caritas kuwa mafi yawansu ba su taɓa taka ƙofar majami'a ba.

Gwangwanin da ya tsallaka teku

Gwangwanin ungozomar nan yana da ƴan'uwa a ƙasashen Turawa, kuma wasunsu saboda mu aka ƙirƙiro su. A 1958 bishop-bishop na Jamus suka kafa Misereor don tara sadakar Karem a yaƙi yunwa da cuta a duniya. A 1961 aka kafa CCFD a Faransa, wadda ake tara wa kuɗi a majami'u ranar Lahadi ta biyar ta Karem. A 1975 kuma, bayan babban farin da ya kashe dabbobin Sahel a 1973 da 1974, Kiristan garin Allentown na jihar Pensilbaniya a Amurka suka fara abin da suka kira kwanon shinkafa: iyali su ci abinci marar tsada sau ɗaya a mako cikin Karem, su jefa rarar kuɗin cikin ɗan akwatin kwali da ke kan teburin cin abinci. Ƙungiyar CRS, wadda motocinta ba baƙi ba ne a hanyoyinmu, ta karɓi shirin ta yaɗa shi a duk Amurka. Kashi uku cikin huɗu na kuɗin ana fitar da su waje, kashi ɗaya yana zama don matalautan garin da aka tara. Wannan rabo ya burge ni. Waɗanda suka tsara shi sun san halin ɗan Adam: ya fi sauƙi ka ji tausayin yaron da ka gani a hoto daga wata nahiya, da ka ji na almajirin da yake damun ka da bara a ƙofar gida.

A watan Mayun 1980 Paparoma Yohana Bulus na 2 ya tsaya a Wagadugu ya yi kira ga duniya a kan fari da hamada. Daga kiran nan aka kafa gidauniyar Sahel mai sunansa a 1984, da kuɗin da Katolikan Jamus suka tara, tana aiki a ƙasashe tara har da Nijar.

Inda gizo yake saƙa

Kada mu yi kamar babu ƙura a wannan magana. Akwai Musulmi da yawa da suke kallon buhun hatsin mishan da ido ɗaya, suna cewa ƙugiya ce aka sa wa tsutsa. Zargin bai faɗo daga sama ba. A ƙasashe da dama an yi masu wa'azin da suka haɗa akushi da huɗuba, sai ka saurari ɗaya kafin a miƙa maka ɗayan, kuma mayunwaci ba ya cikin halin yin gardama. Su kansu shugabannin Kirista sun san da wannan tabo. A wasiƙarsa ta farko ga mabiyansa, mai kwanan watan Disamban 2005, Paparoma Benedikt na 16 ya hana a mai da aikin agaji hanyar jawo mutane cikin addini, ya ce ƙauna kyauta ce, ba a yin ta don cimma wata manufa. Ma'aunin da ni zan ba mai karatu mai sauƙi ne, kuma ya hau kan kowace ƙungiyar agaji, ta Kirista ce ko ta Musulmi ko ta ƴan siyasa: dubi abin da ake nema daga mai karɓa. In sai ya zauna ya ji wa'azi, ko an ɗauki hotonsa yana riƙe da buhu, ko ya yi alkawarin ƙuri'a, to ciniki ne, kuma mu ƴan kasuwa mun fi kowa sanin ciniki in mun gan shi.

Ƙura ta biyu ta fi wannan ɗaci. Ranar 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, washegari kuma a Yamai, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga ta juya kan maƙwabtan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mutum goma suka rasu a biranen biyu, ƴan sanda suka ƙidaya majami'u 45 da aka sa wa wuta a Yamai kaɗai, an ƙone makarantu da gidajen mutane. Akwai kuma Musulmin da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye maƙwabtansu har wutar ta lafa, kuma bai kamata a ba da labarin ranakun nan a manta da su ba. Wata guda bayan haka, ranar 18 ga Fabrairu, Larabar Toka ta zo. A wannan shekara ba a sha wahalar bayyana wa kowa ma'anar toka ba. Tambayar da ta tsaya a gaban kowane Kirista a Karem ɗin nan ita ce ko zai ci gaba da aika ƙwaryar hatsi zuwa unguwar da matasanta suka ɗauko fetur. Shugabanninsu suka yi kira ga yafiya. Makarantu da wuraren shan magani suka sake buɗewa, yaran da suka koma azuzuwan kuwa ɗiyan Musulmi ne mafi yawansu, kamar da.

Azumi ya ƙare, yunwa ba ta fara ba

Akwai wani abu game da lokacin Karem da ya shafe mu fiye da Turawan da suka tsara kalandarsa. A can yana faɗowa ne a ƙarshen sanyi, ana jiran tsiro. A nan yana faɗowa daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazara: rumbu ya fara nuna gindinsa, rijiyoyi sun ja baya, maza sun tafi cin rani sun bar mata da tsofaffi, kuma lokacin sanƙarau ne, kamar yadda waɗanda suka ga annobar 1995 ba za su manta ba. Sadaka a wannan lokaci tana faɗawa inda ake bukatarta.

Sai dai manomi ya san cewa wuyar ba a Afrilu take ba. Tana Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare ƙaf, sabon hatsi bai nuna ba, ga noma yana neman ƙarfin jiki. A 2005 cikin waɗannan watanni ne farashin hatsi ya kai inda ba a taɓa gani ba, wuraren jinyar yara masu tamowa a Maraɗi suka cika suka batse, alhali hatsi yana nan a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu. A lokacin an yi wata uku da cin naman Paska. Wannan shi ne raunin duk wata kyauta da aka ɗaure wa lokaci, ta Karem ce ko ta Ramadan: hannu yana buɗewa da ganin wata, ya rufe da ganin wata, ciki kuwa bai san kalanda ba. Malaman Kirista suna amsawa da cewa kwana arba'in ɗin horo ne, kamar yadda ake horar da ɗan maraƙi da karkiya kafin damina, domin hannu ya saba da buɗewa. Amsa ce mai kyau. A watan Agusta ake gane ko horon ya kama.

Basil, wanda daga baya ya zama bishop na Kaisariya, garin da yau ake kira Kayseri a Turkiyya, ya fuskanci irin wannan a yunwar da aka yi wajen shekara ta 368. Bai tsaya ga raba miya ba, ko da yake ya yi hakan da dukiyar gadonsa. Ya hau mumbari ya fuskanci attajiran da suka kulle hatsi a ɗakunan ajiya suna jiran farashi ya hau, har suka buɗe. Ban kawo wannan don in zargi kowa ba. Saye a kaka a sayar a damina sana'a ce halattacciya, ba don ita ba ma da birane ba su ci ba. Amma wanda ya raba tiya ɗari a watan azumi, ya dawo a Yuli ya ba manomi bashin tiya ɗaya a kan biyu ko uku in an yi girbi, ya karɓe da hagu abin da ya bayar da dama, har da ƙari.

Kiristan majami'un bishara, waɗanda suka fito daga aikin SIM kuma suke da ƙarfi a ƙasar Maraɗi, da yawansu ba su bin Karem yadda Katolika suke bi. Nasu lokacin bayarwa ya fi karkata ga kaka: a kawo damman hatsi majami'a don godiya, a fitar da ushiri, matan zumunta su kewaya marasa lafiya da masu takaba, ranar Kirsimeti kuma kwanukan shinkafa da nama su tsallaka katanga zuwa gidajen Musulmi, kamar yadda naman layya yake tsallakowa ta ɗaya gefen. Daga cikin wannan ɓangare ne aka sami misalin taimakon da ya wuce lokacinsa. A yunwar 1984, wadda mutanen Maraɗi suka laƙaba wa sunan Buhari saboda rufe iyakar Najeriya, wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya haɗa rabon abinci da roƙon manoma su bar kututturan itatuwa su tofo a gonakinsu, a riƙa yi musu sassabe maimakon a tumɓuke su. Da rabon abinci ya tsaya, da yawa suka sare itatuwan, abin da ya nuna iyakar alherin da aka ɗaura wa sharaɗi. Waɗanda suka bari kuwa suka ga itacen girki da abincin dabbobi da ƙarin amfanin gona, maƙwabta suka kwaikwaya ba wanda ya ba su ko tiya ɗaya. Bayan shekara ashirin masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa suka dawo a kudancin Nijar.

Lissafi ya nuna azumin biyu za su sake tashi tare a 2027: Larabar Toka 10 ga Fabrairu, Ramadan kuwa kwana ɗaya ko biyu kafin nan, gwargwadon ganin wata. A 2028 Musulmi za su yi sallah kafin Kirista su shafa toka ranar 1 ga Maris. Daga nan Ramadan zai ci gaba da ja baya zuwa cikin sanyi, ya ratsa kaka, ya shiga damina, har ya faɗo daidai watannin da rumbu yake wayam, Karem kuwa yana nan a turkensa na bazara. Ba za su sake haɗuwa ba sai bayan shekara kusan talatin.